Kwamfuta ba ta san ƙasar Binuwai ba

Duk wanda ya ratsa Jimeta a 'yan shekarun nan ya ga garin yana miƙewa sama. Gadojin sama sun haye mahaɗar titunan da a da ake cunkoso a cikinsu, benaye na tasowa a Karewa da Dougirei da bakin hanyar Numan, ga ɗakunan taro da rumfunan gidajen mai masu faɗin rufi ba fila a tsakiya. A yau da wuya babban gini irin wannan ya tashi ba tare da lissafinsa ya bi ta cikin kwamfuta ba, kuma manhajojin da ofisoshin injiniyoyi ke aiki da su, irin su STAAD.Pro da ETABS da ProtaStructure, dabara guda ce ke ƙarƙashinsu, wadda masu sana'ar ke kira FEM. Ra'ayina shi ne, tun da wannan dabara ta riga ta shigo mana gida, tilas makarantun Adamawa su koyar da ita daga tushe, da hannu da gwaji a kan ƙasarmu da rodinmu da kankarenmu. Koyar da danna maɓalli kawai ya fi rashin koyarwar haɗari, domin yana samar da injiniyan da ke sa hannu a kan amsar da bai san ta inda ta fito ba.

Dabarar kanta ba ta da wani sirri. In bim ne miƙaƙƙe a kan fila biyu, ɗalibin aji biyu a sashen injiniya zai faɗa maka yadda zai lanƙwasa da ƙa'ida guda ta cikin littafi. Amma dekin da aka huda domin matakala, ko kwalbati mai baki uku da ƙasa ta danne, ko ƙafar gada da ruwa ke duka ta gefe mota kuma na danna ta daga sama, babu littafin da ke da ƙa'idarsu. Abin da ake yi shi ne irin abin da mai auna gona ke yi in ya tarar da gona mai kwana-kwana: ya yanka ta ƙananan fegi masu kusurwa uku ko huɗu, ya auna kowanne, ya tara. Injiniya yakan shimfiɗa raga a kan zanen ginin, kowane ido na ragar ya zama gunduwa guda mai sauƙin hali, wadda an san yadda take miƙewa ko matsewa in an ja ta ko an danna ta. Gunduwoyin suna riƙe da juna a kusurwoyinsu, kuma a kowace mahaɗa dole ƙarfin da ke turawa ya yi daidai da wanda ke tarewa, in ba haka ba ginin tafiya zai yi. Daga nan sai a sami jerin lissafin aljebra irin wanda yaran sakandare ke warwarewa mai ɓoyayyun lambobi biyu, sai dai nan lambobin dubbai ne ko miliyoyi. Aikin kwamfuta ke nan, warware wannan jeri. Sauran duka, wato yadda za a yanka, da inda ginin ya dogara, da nauyin da zai ɗauka, da ƙarfin kayan da aka yi shi da su, mutum ne ke faɗa mata.

Tarihin abin ma yana da darasi ga masu ganin ya fi ƙarfinmu. Masanin lissafi Richard Courant ya nuna hanyar yanka fili zuwa kusurwa uku-uku a 1943, babu wanda ya kula sosai domin babu injin da zai yi aikin. A 1956 wasu injiniyoyi huɗu, Turner da Clough da Martin da Topp, suka buga yadda suka yi amfani da irin wannan tunani wajen lissafin fukafukan jirgin sama a kamfanin Boeing, kuma Ray Clough na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley shi ya raɗa wa dabarar sunanta a 1960. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan farko da aka gwada ta a kansu shi ne madatsar ruwan Norfork a jihar Arkansas ta Amurka, wadda ta yi tsaga, ake son sanin ko za ta riƙe. A ƙasar Sin, Feng Kang ya kai ga dabarar da kansa a shekarun 1960, shi ma lissafin madatsun ruwa ne ya kai shi. Littafin farko da ya tattara ta, Zienkiewicz da Cheung suka fitar da shi daga Swansea a 1967. Ban da Courant, duk waɗannan mutane sun yi aikinsu ne da kwamfutocin da wayar da ake sayarwa a babbar kasuwar Jimeta ta fi su ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Abin da suka fi mu shi ne sun san kowane layi na lissafin, domin su suka rubuta shi.

Abin da ke faruwa in aka yarda da amsar kwamfuta ido rufe, ƙasar Norwe ta ɗanɗana shi. Ranar 23 ga Agusta 1991, gindin wani katafaren dandalin haƙar iskar gas mai suna Sleipner A, wanda aka yi da kankare, ya nutse a kusa da Stavanger ana cikin gwada saukar da shi cikin ruwa. Faɗuwarsa a ƙasan teku sai da na'urorin auna girgizar ƙasa suka ji, kuma an ƙiyasta hasarar a kusan dala miliyan 700. Da aka bincika, sai aka gano cewa manhajar da aka yi lissafin da ita, NASTRAN, wadda asalinta hukumar sararin samaniyar Amurka ce ta sa aka rubuta, ba ta yi laifi ba. Ragar da aka shimfiɗa a wata mahaɗar bango ce ta yi gwari-gwari, gunduwoyin suka karkace, sai amsar ta rage ƙarfin da ke neman tsarge bangon da kusan kashi 47 cikin ɗari, aka kuma sa rodi daidai da amsar da ba daidai ba. Waɗannan ƙwararru ne, a ƙasa mai kuɗi, da manhaja mai lasisi. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ɗan lissafin hannu a kan wannan mahaɗa zai iya tona kuskuren. To in haka ta faru a Stavanger, me zai hana ta faruwa a ofishin da ke da injiniya ɗaya da manhajar bayan fage da mai gini yana ƙofa yana jiran zane?

A nan Adamawa haɗarin ya ninka, domin lambobin da manhaja ke zuwa da su daga masana'anta ba na nan ba ne. Ɗauki ƙasa. Daga Numan zuwa wajajen Guyuk da Lamurde, da fadamun Binuwai, akwai baƙar lakar nan da ake noma masakwa a kanta, wadda ke kumbura in ta sha ruwa, ta tsattsage da rani har hannu ya shige. Ita ce ke ɗaga daɓen ɗaki ta fasa bango daga kusurwar taga, ita ce kuma ke sa kwalta ta yi tudu da kwari bayan damina biyu. Injiniyan da ya gaya wa kwamfuta cewa filolinsa a kafe suke a kan abin da ba ya motsi, zai sami hoto mai kyau, shuɗi da kore, amma ya yi lissafin wani gini ne a wata ƙasa. Ɗauki kogi. Tun da aka kammala madatsar Lagdo a Kamaru a 1982, ruwan Binuwai a Yola ya dogara da abin da aka yi da ƙofofinta, kuma mutanen Fufore da Girei da Yola da Demsa da Numan ba su manta 2012 da 2022 ba. Ruwa mai gudu yana kwashe yashin da ke gindin ƙafar gada, sai ƙafar da aka lissafa a binne ta koma tsaye tsirara, tsawonta ya ƙaru, ƙarfinta ya ragu. Ɗauki zafi. Ƙarfe na miƙewa da kusan kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri, wato gada mai tsawon mita 100 za ta ƙaru da wajen santimita uku da rabi in zafin jikinta ya hau da digiri 30, abin da ba baƙo ba ne tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin Afrilu a garin da ma'auni ke wuce 40. In ba a bar mata wurin miƙewa ba, za ta nema wa kanta.

Sai kayan aiki, inda abin ya fi ciwo. A takarda rodi mai milimita 12 faɗin bakinsa murabba'in milimita 113 ne. In wanda aka sauke daga tirela milimita 11 ne a gaskiya, ya koma 95, wato an rasa kashi 16 cikin ɗari na ƙarfen kafin a ɗaure waya ko ɗaya, kuma ido ba ya rabe su sai an sa ma'auni. Kankare kuma, manhaja tana ɗauka ƙarfin da aka rubuta mata shi ne za a samu. A wurin aiki kuwa kwano ne ma'auni, yashin kogi wani sa'in da laka a jikinsa, lebura na ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin zuba, ban-ruwan da ya kamata a yi kwanaki ana yi sai a yi shi sau biyu a bari, rana ta ƙarasa aikin. Hanyar sanin gaskiya sananniya ce, a zuba kwaɓin a ƙananan akwatuna masu milimita 150, a jira kwana 28, a murƙushe su a inji a karanta. Ɗalibin da bai taɓa ganin wannan dunƙule ya fashe a ƙasa da lambar da ke takarda ba, ba zai taɓa zargin lambar da yake cusa wa kwamfuta ba.

Don haka koyarwar da nake kira a yi tana da tsari. Ɗalibi ya fara da sanduna uku da aka haɗa kusurwa uku, ya rubuta jadawalin taurinsu da biro, ya warware da hannu, har ya ga da idonsa cewa in bai kafe wata mahaɗa ba lissafin ba ya warwaruwa, domin abin da ba a ɗaure ba ba ya tsayawa. Daga nan ya rubuta 'yar manhajarsa da Python ko Octave, wadda ba ta wuce shafi biyu ko uku ba, ta warware masa bim. Sannan a ba shi babbar manhaja, amma da sharaɗi: kowace amsa sai ya ƙara yawan idon ragar sau biyu ko uku ya nuna cewa lambar ta daina canzawa, sai ya tara ƙarfin da ke ƙarƙashin filoli ya nuna ya yi daidai da nauyin da ya ɗora, sai kuma ya kawo lissafin hannu na shafi guda da ya faɗi kusa da ita. A nan ne zai koyi abubuwan da ke zama a jiki, kamar cewa in ka ninka tazarar bim sau biyu a ƙarƙashin nauyi shimfiɗaɗɗe lanƙwasarsa ninki 16 take yi, in kuma ka ninka zurfinsa taurinsa ninki 8 yake yi. A nan ne kuma zai gane cewa jan launin haɗari da ke fitowa a hoton manhaja a kusurwa mai kaifi, wanda ke ƙara hawa duk lokacin da aka ƙanƙanta raga ba ya tsayawa, sau da yawa aibin zanen lissafin ne, yayin da wani wuri mai launin kwanciyar hankali shi ne zai kashe mutane. Mataki na ƙarshe a ɗakin gwaji yake. Ɗalibai su zuba bim da siminti da yashin Binuwai da rodin da suka sayo a Jimeta, su sa agogon auna lanƙwasa a ƙarƙashinsa, su riƙa ƙara nauyi suna rubutawa har tsaga ta farko ta bayyana a ciki, sannan su ɗora layin da suka auna a kan layin da kwamfuta ta zana. Ratar da ke tsakanin layukan biyu ita ce abin da za su kwana suna bayani.

Akwai masu cewa duk wannan ado ne, domin gine-ginenmu ba rashin zurfin lissafi ke rusa su ba, ha'inci ne da gini ba injiniya. Maganarsu akwai gaskiya, kuma babba. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard na Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutane fiye da 40, kuma jaridu sun buga wasiƙar da kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya rubuta tun Fabrairun 2020 yana janye hannunsa, yana kukan ba a ba shi sakamakon gwajin kankare ba. Babu manhajar da za ta hana irin wannan. Gidan ƙasa mai ɗaki huɗu a Yolde Pate ma ba ya bukatar FEM, magini nagari da lintal mai kyau sun ishe shi. Amma wannan hujja ba ta rushe tawa ba, ƙarfafa ta take yi. Wanda ya iya ƙin sa hannu shi ne wanda ya san abin da lambar gwajin ke nufi ga filar da ke hawa na uku. Kuma ha'inci ba ya cin kasuwa sai inda mai duba aiki bai iya karanta lissafin da aka kawo masa ba. In ɗan kwangila ya ajiye kundi mai shafi 200 da kwamfuta ta tofo a teburin ma'aikatar ayyuka ko hukumar tsara birni, ko dai a sami wanda zai buɗe ya tambayi yadda aka ɗauki ƙasar wurin da inda rahoton gwajinta yake, ko kuma a buga hatimi saboda kaurin kundin.

Wasu kuma kuɗi da wuta suke kawowa. Lasisin manyan manhajoji irin su ANSYS da Abaqus da dala ake biya, kuma ba kowane sashe ne zai iya ba. Sai dai koyo ba ya bukatarsu. CalculiX kyauta ce, OpenSees ta Berkeley kyauta ce, Code_Aster da kamfanin wutar lantarkin Faransa ke lissafin tashoshinsa na nukiliya da ita an sake ta ga kowa, Gmsh na shimfiɗa raga ba ko kwabo, laccocin Klaus-Jürgen Bathe na MIT suna intanet. Manyan kamfanonin ma suna ba da na ɗalibai kyauta mai iyakar girma, wanda ya ishi aji. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da faifan sola sun wadatar. Abin da ke da tsada da gaske shi ne injin murƙushe kankare da injin jan rodi da kayan gwajin ƙasa, da ma'aikacin da zai kula da su a daidaita ma'auninsu, kuma irin wannan ne ya kamata a nemi hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund ta saya kafin a sake gina wata ƙofar shiga mai ado. Damar tsara darasin ma tana nan. Sabon tsarin karatun da hukumar jami'o'i ta ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cika da abin da ya dace da yankinta. Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, tana zaune ne a tsallaken gadar Jimeta, kogin na gabanta, baƙar laka na yamma da ita. In ba ita ta zama cibiyar sanin halin wannan ƙasa da wannan kogi ba, ban ga wadda za ta zama ba. Kwalejin fasaha ta jiha kuma ita ke yaye waɗanda ke tsayawa a wurin aiki daga safe zuwa yamma, su ma suna bukatar su san abin da zane ya ɗauka game da kayan da suke karɓa.

Hujja ta uku ita ce ta zamani: manhajojin suna ƙara wayo, yanzu da kansu suke shimfiɗa raga, ga kuma basirar na'ura na zuwa, me ya sa za a wahalar da yaro da jadawalin hannu? Amsa ita ce sauƙin samun amsa yana ƙara yawan amsoshin banza ne, bai rage su ba. Manhaja ba ta ƙin aiki don an ba ta mita a wurin milimita, ko an kafe abin da a zahiri yake juyawa. Za ta ba ka hoto mai launi bakwai ko ta halin ƙaƙa. Kuma doka ba ta san manhaja ba. Hatimin da ke kan zane na mutum ne mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, shi za a kira gaban kwamitin bincike. Akwai kuma masu tsoron cewa in an koya wa yaran wannan sana'a da kyau, Legas da Fatakwal da ƙasashen waje za su kwashe su. Wasu za su tafi, babu shakka. Amma aiki ne da ake iya yi daga ɗaki a Bekaji ana aika wa duniya, kuma ban taɓa jin an magance ƙaurar ƙwararru ta hanyar ƙin ƙwarar da su ba.

Ayyukan da ke jiran irin waɗannan mutane ba na hasashe ba ne. Madatsar Kiri da ke kan kogin Gongola ta haura shekara 40, kuma abin da ya faru da madatsar Alau a Satumbar 2024, lokacin da ruwa ya mamaye Maiduguri, ya isa ya sa a tambayi wanda ke lissafin yadda ruwa ke tsiyaya ta jikin tsofaffin madatsunmu da yadda gangarensu ke riƙe. Gadar Jimeta da ta Numan suna ɗaukar tirelolin da nauyinsu da yawansu suka wuce na zamanin da aka zana su. Madatsar Dasin Hausa a Fufore, wadda ake ta maganarta tun zamanin da aka gina Lagdo, in Allah ya sa aka tashi yin ta, kamfanin waje ne mai yiwuwa zai kawo zane, kuma jihar za ta bukaci nata mutanen da za su zauna da shi su bi lissafin layi-layi. Kafin lokacin, akwai abin da gwamnatin jiha za ta iya yi da takarda guda: duk ginin da ya wuce hawa biyu, da duk gada ko babban kwalbati, kada a karɓi lissafinsa na kwamfuta sai da rahoton gwajin ƙasar wurin, da lissafin hannu na manyan bim da filoli, da sunan injiniya na biyu da ya duba. Ranar da aka fara mayar da kundin da bai cika waɗannan ba, ofisoshi za su fara neman waɗanda suka iya, ɗalibai kuma za su fara tambayar malamansu.